Edge a rigar Ares: ya iya ne da gaske, ko son da muke masa ne ya rufe mana ido?

Abu Hanan: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare na ƙarasa zangon farko na Percy Jackson and the Olympians, wanda Disney+ suka saki a Disambar 2023, kashi takwas ne duka, kuma wlh tun da na aje waya mutum ɗaya ke min yawo a kai, Edge. Eh Edge dai namu, ɗan reslin ɗin nan da ya yi suna a kamfanin WWE, Adam Copeland. Shi ya fito a Ares, wanda Girkawan da can suka ɗauka gunkinsu ne na yaƙi. Sai a kashi na 5 ma ya bayyana, a kan babur da doguwar rigar fata, amma daga shigowarsa fim ɗin ya canza ɗanɗano. Ni dai a ganina cikin manyan da suka fito babu wanda ya kama ƙafarsa. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri don yau za a fasa ƙwai. Me kuka gani?

Sarkin Kallo: Wa alaikumus salam. Abu Hanan ka ji tsoron Allah, babu wanda ya kama ƙafarsa fa ka ce? Fim ɗin da Lance Reddick ya fito a Zeus? Bawan Allahn nan mintuna kaɗan ya yi a kashin ƙarshe, da kwat a jikinsa bai ɗaga takobi ba bai yi komai ba, amma sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Shi ne akta. Edge kuwa abin da ya saba yi a shirye-shiryen reslin na Raw da SmackDown shi ya ɗauko ya kawo, zare ido da washe haƙora da cika baki. Soyayyar yarinta ce ke ɗibar ka kawai.

Abu Hanan: Na yarda da maganar Reddick, ban yi musu ba, kuma ya mutu a Maris 2023 kafin ma a haska fim ɗin. Amma ka lura shi Zeus sarki ne, ya zauna a kujera a ji tsoronsa shi ke nan aikin. Ares ya fi wuya, ana so ya ba ka dariya kuma a daidai lokacin ka ji cewa mutumin nan zai iya kashe yaran nan bai ko ajiye abincin da ke hannunsa ba.

Baffa Mai Shago: To ai Sarkin Kallo ka faɗi magana ba ka san ka ba da amsa ba. Ka ce abin da ya saba yi ya kawo. To mene ne abin da ya saba yi ɗin? Mutane da yawa sun ɗauka reslin ƙarfi ne da faɗuwa a kan tebur, alhali rabin sana'ar baki ne. A miƙa maka makirfo gaban mutum dubu goma sha, kai tsaye, babu darakta da zai ce a yanke a sake, kuma aikinka shi ne kafin minti biyar duk wanda ke ɗakin ya tsane ka har ya ji zai biya kuɗi ya ga an lakaɗa maka duka. Edge ya shekara da shekaru yana wannan. Ku tuna Janairun 2006, Cena ya gama fafatawa a cikin keji jini ya wanke masa fuska, ko tsayuwa ba ya iyawa, sai ga Edge da jakar Money in the Bank, wadda ke ba mai ita damar neman bel duk lokacin da ya ga dama, shi ne ma mutum na farko da ya taɓa cin jakar nan a 2005, ya zo ya ƙwace bel ɗin cikin ƙasa da minti biyu. Mun kalli kaset ɗin a gidan kallon unguwarmu, na rantse har da wanda ya jefi talabijin da silifa. Mutumin da ya iya sa ka tsane shi haka daga wata nahiya, kana ganin rol ɗin mai haddasa fitina zai gagare shi?

Sarkin Kallo: Baffa a nan ɗin ne matsalar take ai. Wasan filin reslin an yi shi ne don na kujerar baya can sama ya gani, dole ka kumbura komai, fushi ya zama ihu, mamaki ya zama buɗe baki. Kyamarar fim kuwa tana dab da hancinka, ƙiftawar ido ma magana ce. Shi ya sa yawancinsu in suka shigo fim sai ka ga abin ya yi yawa kamar miya ta sha gishiri.

Ummi Zee: Ni ban san reslin ba sam, ban taɓa zama na kalla ba, don haka ba za a ce min soyayyar yarinta ba. Sai da ƙanena ya gaya min ɗan reslin ne na sani. Kuma gsky wajen da ya fi burge ni babu ihu a ciki. Inda suke zaune a gidan abinci shi da Grover abokin Percy bayan ya tura Percy da abokiyar tafiyarsu Annabeth su ɗauko masa garkuwarsa a wancan wurin wasan ruwa da aka yi watsi da shi. Grover na ta zuga shi yana ambato masa ƙananan yaƙe-yaƙe da ba kowa ya san su ba, kana kallon fuskar Ares tana saki a hankali kamar wanda ya daɗe yana jiran a yaba masa, har ya fara sakin baki kan 'yar uwarsa Athena. A nan na gane ashe mutumin nan duk girman kan nasa kishi ne ke cin sa a cikin gidansu. Wannan ba zare ido ba ne Malam Sarkin Kallo.

Abu Hanan: Allah Ya yi miki albarka Ummi, wajen nan nake nufi. Da kuma farkon zaman, yana danne-dannen waya yana dariya shi kaɗai wai yana kunna rigima a Twitter. Dabarar marubutan ta yi, mai hura wutar yaƙi a wannan zamanin ai ba sai ya je fagen fama ba, waya ta ishe shi.

Dan Damagaram: Sannunku da hira. Ni ina so in ƙara wani abu da ba a faɗa ba, Edge ba jiya ya fara fim ba, kar a ɗauka daga ringi aka ɗauko shi aka dire gaban kyamara. A Afrilun 2011 ya aje reslin dole, likitoci suka ce ƙashin wuyansa ya matse lakar da ke ciki, in ya ci gaba da faɗuwa zai iya shanyewa. Dama tun 2003 an taɓa yi masa aiki a wuyan. Lokacin yana riƙe da bel na duniya, kwana takwas kacal da kare shi a hannun Alberto Del Rio a WrestleMania ba, ya fito ya yi ban kwana da hawaye. Daga nan ne ya shiga Haven, ya yi Dwight tun 2011 har aka rufe shirin a 2015. Ya fito a kashin farko na zango na biyu na The Flash a Atom Smasher, sai kuma Vikings. Shekara tara cur ba ya kokawa, har sai da ya dawo a Royal Rumble na 2020. Shekarun nan makaranta ce ya yi.

Sarkin Kallo: Yawwa, Vikings kam zan sara masa. Kjetill. Wannan rol ɗin ya fi Ares sau goma a wajena. Mutum ya fara a mai hankali, mai son zaman lafiya, ya bi Floki zuwa sabuwar ƙasa da iyalinsa, a hankali a hankali gaba da ramuwar gayya suka cinye shi har ya zama abin tsoro. Can an ba shi lokaci ya gina mutum. A Percy Jackson kuwa leƙowa ya yi ya tafi.

Baffa Mai Shago: To ka ga har ka sauko. Ɗazu ka ce zare ido kawai ya iya.

Sarkin Kallo: Ban sauko ba Baffa, cewa na yi a Ares bai nuna sabon abu ba. A Vikings ya nuna. Magana biyu ce.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da hirar, don abin na raina tun da Abu Hanan ya fara. Ni uwa ce, yarana uku, babbar shekararta 12 daidai da shekarun shi Percy ɗin a labarin. Sun ga tallan fim ɗin sun dame ni. Na zauna na kalli kashi biyu ni kaɗai tukuna, babu tsiraici babu batsa, ta wannan fannin ya fi finafinai da yawa da ake sa wa yara. Amma daga farko har ƙarshe maganar alloli ake, wannan ɗan allan teku ne, wancan 'yar wance ce, alloli na aure suna haihuwa suna faɗa da juna. Wa'iyazu billahi. Yaro ƙarami da bai gama sanin tauhidi ba ya za a yi ya tace wannan? Ni ban bari sun kalla ba, kuma ina mamakin yadda ake ta yabon wanda ya fito a allan yaƙi babu wanda ya ce uffan.

Abu Hanan: Hajiya maganarki a kan hanya take, kuma shi ya sa tun a sama na ce gunki, bakina ba ya iya furta ɗaya kalmar. Ni a matsayin tatsuniyar wasu mutane nake kallonsa, Girkawan yanzu ma ai mafi yawansu Kiristoci ne, labaran sun zama na adabi ana karantawa a makaranta. Amma babba daban yaro daban. Nawa shekararsa 6, ban sa masa ba kuma ba zan sa masa yanzu ba.

Malam Na Bakin Kasuwa: Hajiya ta yi daidai da ta fara kalla kafin ta yanke hukunci, da yawa ba ma yin haka, mu miƙa wa yaro waya mu juya baya. Abin da zan ƙara shi ne, in yaro ya kai munzalin da ya san Ubangijinsa, to zama da shi a nuna masa ya fi a ɓoye masa ya je ya kalla a wayar aboki babu mai yi masa bayani. Kuma duk wanda ya kalli fim ɗin da idon basira zai ga abubuwan da suke kira alloli ɗin nan an nuna su ne da hassada da ƙarya da watsi da 'ya'yansu, shi kansa Ares da bakinsa ya ce ya tsani yara har da nasa, kuma a ƙarshe ya bayyana wani ne ke juya shi ta cikin mafarki. Abin da ake yaudara, ake yanka ya zubar da jini, ina ya cancanci bauta? Wannan kaɗai darasi ne in uba ya iya jan zaren. Amma kowa ya san gidansa, wadda ta hana ba ta yi laifi ba.

Maman Ilham: Na gode Malam. Zan bari babbar ta ƙara shekara biyu mu gani. Ku ci gaba da hirarku.

Yaro Mai Spear: Ni fa abin da ya ƙona min rai faɗan ƙarshen ne!! Sati nawa ina jira, an ce Percy zai kara da Ares a bakin teku, na ce yau za a ga aiki, Edge ne fa, mutumin da ya taso daga saman tsani ya yi wa Jeff Hardy spear, wato ya banke shi da kafaɗa a ciki, yana lilo a sama a WrestleMania ta 2001. Kafin in gyara zama an gama. Yaro ya kira igiyar ruwa ta maka shi da ƙasa, ya yanke shi a ƙafa, jini ruwan zinare ya fito, shi ke nan wai an ci. Ko spear ɗaya babu. Haba dan Allah.

Dan Damagaram: Ƙanena ai sharaɗin faɗan ke nan, wanda ya fara fitar wa ɗan uwansa jini ya ci, ba a ce sai an kashe ba. A littafin Rick Riordan na 2005 ma a dunduniya ya sare shi. Kuma ka duba wanda ke gabansa, Walker Scobell da ya fito a Percy, lokacin ɗaukar fim ɗin bai wuce shekara 13 zuwa 14 ba, Edge kuwa ya doshi 50, tsawonsa ya haura ƙafa shida. In aka ja faɗan ya yi minti goma yaro na karɓar sara yana mayarwa, kai da kanka za ka ce ƙarya ce. Mu nan da muke kallon kokawar gargajiya ta takobi mun sani, ƙaramin ɗan kokawa in zai ka da babba da dabara ɗaya yake ka da shi cikin ƙiftawar ido, in aka daɗe ana riƙe-riƙe nauyi ne zai yi hukunci.

Baffa Mai Shago: Kuma a faɗan nan ne ma na ga amfanin ɗauko ɗan reslin. Babban ilimin sana'arsu shi ne ka bugi mutum a ga kamar ka kashe shi alhali ba ka ji masa ciwo ba, sannan in an buge ka ka nuna zafin yadda na nesa zai ji a jikinsa. Ran abokin wasanka a hannunka yake. To in za ka haɗa ƙato da ɗan mutane mai shekara 13 da takubba a hannu, wa ya fi dacewa da wanda ya shekara fiye da ashirin yana jefa mutane ba tare da ya karya su ba? Sannan ku sake kallon yadda ya yi bayan an yanke shi, ba ihun ciwo ya yi ba, kallon ƙafar ya yi kamar bai yarda ba. Abin kunyar ya fi masa ciwon zafi. Ɗan reslin da ya saba faɗuwa don a ɗaga wani shi ya san wannan, aktoci da yawa ba sa son a ga an wulaƙanta su a fim.

Yaro Mai Spear: Duk da haka Baffa da sun ƙara ko minti biyu ne. Data na na saka.

Ummi Zee: A nan kam ina bayan Yaro, ba faɗan kaɗai ba, fim ɗin gaba ɗaya yana da wannan halin, da an shiga haɗari sai yaran su gano komai nan take su bayyana da baki, kafin gabanka ya faɗi an wuce wajen. Laifin masu rubutu ne ba na Ares ba.

Sarkin Kallo: Bari in kawo misalai don a gane me nake nufi da leƙowa. Wannan al'ada ce tsohuwa a talabijin ɗin Amurka, in shiri na son jan masu kallon reslin sai a gayyato ɗaya a ba shi kashi guda. Charmed sun yi a 2001, suka kawo Booker T da Scott Steiner da Buff Bagwell na WCW suka fito a aljanu masu kokawa a ringi. Smallville sun kawo Batista a 2006, suka kawo Kane a 2007. The Rock kansa ya leƙa Star Trek: Voyager a 2000 har ya ɗaga girar nan tasa ya yi Rock Bottom. The Miz ya fito a Supernatural a 2016, a me? A ɗan reslin. Duk jiki aka saya da suna, ba wasa ba. Ga kuma The Mountain na Game of Thrones.

Dan Damagaram: Gyara kaɗan yallaɓai, Hafthor Bjornsson da ya yi The Mountain tun daga zango na 4 ba ɗan reslin ba ne, ɗan gasar ɗaga nauyi ne daga Iceland, shi ya ci gasar wanda ya fi kowa ƙarfi a duniya a 2018. Amma sauran lissafin naka haka yake. Sai dai lissafin ya goyi bayan Abu Hanan ne ba kai ba. Duk waɗanda ka ambata an kawo su ne su yi duka. Edge a kashi na 5 ko mari bai yi ba, a zaune yake yana cin abinci yana magana. In jiki ake so ai akwai waɗanda suka fi shi ƙira.

Abu Hanan: Kuma a ƙara da cewa an saka sunansa cikin 'yan takarar Emmy ta shirye-shiryen yara da iyali saboda wannan rol ɗin, shi da Lance Reddick a rukuni ɗaya. Bai ci ba, amma waɗanda suka zaɓo sunan ba 'yan gidan kallon unguwarmu ba ne balle a ce son Edge ne.

Sarkin Kallo: Wannan kam hujja ce, na karɓa. Amma har yanzu in aka ce a jera 'yan reslin da suka zama aktoci na gaske Batista ne a gaba, ku kalli 'yan mintunan da ya yi a farkon Blade Runner 2049 da ɗan tabarau a fuska, za ku manta ya taɓa riƙe bel. Edge na bayansa. Cena na ban dariya ne, Rock kuwa Rock yake fitowa a kowane fim.

Baffa Mai Shago: Ban ƙi jerin nan ba. Abin da ke ba ni mamaki da Edge shi ne bai saki ɗaya ya kama ɗaya ba. Batista ya bar ringi ya tafi Hollywood gaba ɗaya. Shi kuwa a Oktoban 2023 ya koma kamfanin reslin na AEW da sunansa na yanka, wata biyu da 'yan kwanaki kafin a fara haska Percy Jackson, a Mayun 2024 yana da shekara 50 ya diro daga saman keji a wasansa da Malakai Black ya karya ƙafa. Mutumin da aka taɓa cewa wuyansa ba zai ƙara ɗaukar faɗuwa ba. Ni abin tsoro yake ba ni wlh, yana da mata da 'ya'ya mata biyu, ga hanyar fim ta buɗe masa, da ya haƙura haka nan.

Yaro Mai Spear: Baffa in ya daina mu kuma wa za mu kalla? Waƙar shigowarsa kaɗai in ta tashi sai ka ji kamar ka fasa bango.

Baffa Mai Shago: Ka kalle shi a fim mana ɗana. Ni na ga daren da ya yi ban kwana a 2011, ba na son in gan shi a keken guragu.

Ummi Zee: Tambaya, ni da ban san shi a reslin ba, in ina so in ga wannan iya bakin da Baffa ke faɗa wanne zan nema? Ba na son mai jini dan Allah.

Baffa Mai Shago: Nemi jawabin ban kwanansa na Raw a Afrilun 2011, babu duka a ciki ko ɗaya, magana ce kawai. In kuma muguntar kike son gani nemi rigimarsa da Cena ta 2006, ki tsaya a wuraren makirfo ki tsallake wasannin.

Sarkin Kallo: Ki haɗa da Vikings zango na 5, amma shi akwai jini sosai, kar ki ce ban gaya miki ba. Abu Hanan zan sake kallon kashi na 5 ɗin yau in NEPA sun kawo wuta, wajen shi da Grover da Ummi ta faɗa, da safe zan dawo in gaya muku ko na canza ra'ayi.

Abu Hanan: Muna nan. Ka kula da fuskarsa daidai lokacin da aka ambaci Athena.